Tsarin Majalisa Mai Zaure Biyu a Najeriya

Majalisa mai zaure biyu ita ce wadda aka raba aikin yin doka a cikinta tsakanin rukunin wakilai biyu, kowanne da shugabansa da kwamitocinsa, kuma ƙudiri ba ya zama doka sai ya ratsa ta dukansu. Tushen tsarin yana Birtaniya, inda ake da majalisar wakilan jama'a da ta iyayen ƙasa, amma salon da Najeriya take bi yau ya fi kusa da na Amurka. A taron tsara mulkin Amurka na 1787, manyan jihohi sun so a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙananan kuwa suka ce sai dai a yi daidai. Aka sasanta da zaure biyu: ɗaya ya ƙirga mutane, ɗaya ya ƙirga jihohi.

Wannan lissafi ne ke ƙarƙashin Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ke Abuja. Tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa kujeru 109, wato sanatoci uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, da ɗaya daga Babban Birnin Tarayya. Majalisar Wakilai kuma tana da kujeru 360 da aka raba gwargwadon yawan jama'a. Kano tana da 24, Legas ma haka, Bayelsa kuwa biyar kacal. Amma a zauren dattawa Kano da Bayelsa kunnen doki suke, uku da uku. Wa'adin kowane ɗan majalisa shekara huɗu ne, babu iyaka ga sake tsayawa. Bayan gyaran 2018, mai shekara 25 zai iya neman kujerar wakilai, ta dattawa kuwa sai mai 35.

Tsarin zaure biyu ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tsarin mulkin Richards na 1946 ya kafa wa yankin Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. A matakin tarayya kuma an buɗe Majalisar Dattawa a 1960, Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko. Sanatocin wancan zamani naɗa su ake yi, sai a Jamhuriya ta Biyu, a 1979, aka fara zaɓensu kai tsaye, biyar daga kowace jiha cikin jihohi 19 na lokacin.

Ƙudiri zai iya farawa daga kowane zaure. Ana yi masa karatu na farko don gabatarwa, a karatu na biyu a yi muhawara kan manufarsa, sannan a miƙa shi ga kwamiti, wanda yakan kira jama'a su faɗi ra'ayinsu. Idan ya tsallake karatu na uku sai a aika da shi ɗaya zauren. In zaurukan suka fito da rubutu daban-daban, akan kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita su, domin rubutu ɗaya ne kawai za a kai wa shugaban ƙasa. Shi kuma yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure ya isa ya mayar da ƙudirin doka ba tare da shi ba. An yi hakan a shekarar 2000, lokacin da majalisa ta tabbatar da dokar hukumar raya yankin Neja Delta duk da ƙin amincewar Shugaba Olusegun Obasanjo.

Kasafin kuɗi yana da tanadinsa na musamman, don ƙasa ba ta iya zaman jiran rikicin 'yan majalisa. Idan kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa ya kasa warware saɓani, zaurukan biyu sukan zauna wuri ɗaya a kaɗa ƙuri'a. Shugaban Majalisar Dattawa ne ke jagorantar zaman, amma wakilai sun ninka sanatoci fiye da sau uku, don haka nan ƙarfinsu yake bayyana.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa dattawa sun fi wakilai iko. A wajen yin doka ba haka ba ne, kowane zaure yana iya kashe ƙudirin ɗan'uwansa. Abin da ya keɓanta ga dattawa shi ne tantance ministoci, jakadu, Alƙalin Alƙalan Ƙasa da shugaban hukumar zaɓe. Wannan ya bambanta da Birtaniya, inda dokokin 1911 da 1949 suka rage wa iyayen ƙasa ƙarfi har ya zama jinkirta ƙudiri kawai suke iya yi, kimanin shekara guda. Tsige shugaban ƙasa a Najeriya kuwa sai da kashi biyu cikin uku na kowane zaure, gyaran tsarin mulki ma haka, tare da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24.

Amfanin ƙofa biyu ya fito fili a ranar 16 ga Mayu, 2006. A ranar ce Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da ƙudirin gyaran tsarin mulki da zai buɗe wa Shugaba Obasanjo hanyar ta-zarce, kuma ƙin zaure ɗaya ya wadatar wajen rufe maganar.

Sai dai ƙorafin tsada gaskiya ne. Ɗaukar nauyin 'yan majalisa 469 da mataimakansu ba ƙaramin kaya ba ne ga ƙasar da asibitoci da makarantunta ke neman agaji, kuma sau da yawa kwamitoci biyu sukan gayyaci minista ɗaya a kan batu ɗaya. Shi ya sa ake yawan jin kiran a koma zaure guda. Ghana zaure ɗaya take da shi, Senegal ta soke majalisar dattawanta a 2012, Kamaru kuwa ta kafa tata a 2013. A Najeriya, soke zaure ɗaya yana buƙatar gyaran tsarin mulki, wanda dole sai zauren da ake son sokewa ya amince da shi da kashi biyu cikin uku.