Ma'anar "Zuciyar Ɗan Koyo" a Atisayen Yoga

Masu koyar da yoga, wato atisayen miƙa jiki da sarrafa numfashi, sukan yawaita ambaton "zuciyar ɗan koyo", suna nufin halin mutumin da yake tunkarar abu kamar yau ya fara ganinsa, ko da ya daɗe yana yinsa. Asalin furucin daga ɗariƙar Zen ta mabiya addinin Buddha a Japan yake, inda ake kiransa shoshin, yoga kuwa a Indiya ta samo tushe. Ya ƙara yaɗuwa a azuzuwan Amurka da Turai bayan da Jon Kabat-Zinn, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, ya kafa shirinsa na rage damuwa a Jami'ar Massachusetts a 1979, shirin da ya haɗa zaman nutsuwa da yoga mai sauƙi, daga baya kuma ya lissafa wannan hali cikin ginshiƙai 7 na aikin.

Dalilin da ya sa yoga ta karɓi furucin hannu bibbiyu shi ne jikin mutum ba ya wayar gari yadda ya kwana. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya yakan tsotsi ruwa da dare, shi ya sa mutum yake ɗan fi tsawo da safe, sunkuyawa kuma take fi masa wuya a lokacin. Wanda ya hau shimfiɗa da yaƙinin cewa tun da jiya da yamma tafin hannunsa ya taɓa ƙasa to yau ma tilas ya taɓa, shi ne yake jawo wa bayansa ciwo, alhali mai zuciyar ɗan koyo yakan sunkuya a hankali yana sauraren inda jijiya za ta ce masa ya isa.

A tsayuwar da ake kira ta bishiya abin ya fi fitowa fili. Mutum zai tsaya da ƙafa ɗaya, ya manna tafin ɗayar a cinyarsa, sai ya ji idon sawunsa yana rawa, yatsunsa suna damƙe shimfiɗa suna saki. Sabon shiga yakan ɗauka gazawa ce, ya ƙanƙame jiki, ya riƙe numfashi, nan take ya tuntsure. Amma da wannan rawar ce ƙananan tsokoki suke gyara tsayuwar a kowace daƙiƙa, kuma wanda ya ƙyale ta yana lura da ita ya fi daɗewa a tsaye. Patanjali, wanda ya tattara tsoffin ƙa'idojin yoga, ya gwama abubuwa biyu da suka yi daidai da wannan: abhyasa, wato naci a kan aiki, da vairagya, wato cire rai daga abin da ake kwaɗayi.

Sai dai kada a ɗauki wannan hali a matsayin lasisin ganganci. Zafi mai suka a gwiwa ko a wuya umarni ne na a dakata, kuma malamin da yake fakewa da "kowa da jikinsa" don ɓoye ƙarancin iliminsa na sassan jiki, a ganina, ya ci amanar furucin.

A rayuwar yau da kullum ma haka abin yake. Masana halayyar ɗan Adam sun danganta yawan fargaba da kasa jure rashin tabbas, yayin da George Loewenstein, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana a 1994 cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya hango giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son ya sani. Giɓin da ke haifar da fargaba da son sani ɗaya ne, yadda ake tunkararsa ne ya bambanta. Mai jiran sakamakon gwajin asibiti yana iya kwana yana ƙiyasta mafi munin labari, yana kuma iya rubuta tambayoyin da zai yi wa likita. Miji da matar da suka saba ƙarasa wa juna magana saboda tsawon zama, idan ɗayansu ya yi haƙuri ya saurara har ƙarshe, sau da yawa yakan tarar ba abin da ya zata ake shirin faɗa ba.