Ƙungiyar Gama-Kai ta Ajiya da Rance

Ƙungiyar gama-kai ta ajiya da rance cibiyar hada-hadar kuɗi ce wadda masu ajiya a cikinta su ne mamallakanta. Mambobi kan zuba kuɗi a asusu guda, daga nan kuma ake ba wa mai bukata rance. Yawanci ba a karɓar mutum sai yana da abin da ya haɗa shi da sauran, kamar wurin aiki ɗaya, sana'a ɗaya ko unguwa ɗaya.

Tsarin ya samo asali ne a Jamus a ƙarni na 19. Hermann Schulze-Delitzsch ya fara shi don masu sana'ar hannu na birane, sannan Friedrich Wilhelm Raiffeisen ya kafa ta manoma a Heddesdorf a 1864, lokacin da masu ba da bashi da ruwa suka yi musu katutu. Alphonse Desjardins ya kafa irinta a Lévis ta Kanada a 1900, Amurka kuma ta yi mata dokar tarayya a 1934. A Ghana an kafa ta farko a Jirapa a 1955, ta hannun wani limamin Katolika mai suna John McNulty. A Kenya, inda ake kiranta SACCO, ta yi ƙarfi ƙwarai.

Babban bambancinta da banki yana wajen mallaka. Banki na masu hannun jari ne, kuma wanda ya fi jari shi ya fi faɗa a ji. A ƙungiyar kuwa kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, ko naira dubu ya ajiye ko miliyan. A babban taron shekara mambobi ke zaɓen shugabanni daga cikinsu. Rarar da aka samu ko dai a raba musu, ko a rage kuɗin ruwan rance da ita, ko a adana ta saboda ɓacin rana.

Wajen rance ma akwai sauƙi. Banki kan nemi jingina, alal misali takardar fili. Ƙungiya kan duba ajiyar mutum, ta ba shi ninkinta, wasu mambobi su tsaya masa. Idan ta ma'aikata ce, sai a riƙa cira daga albashi duk wata. Sanin juna shi ke sa a biya, don ba wanda ke son a cire bashinsa daga ajiyar abokin aikinsa.

Sai dai tana da rauni. Jarinta kaɗan ne, kuma idan shugabanni suka yi almundahana, mambobi ke kwana ciki. A Amurka hukumar NCUA, mai kula da irin waɗannan ƙungiyoyi, na inshorar ajiya har dala 250,000, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan kariya ba.

Ƙungiyar ta kuma bambanta da adashe, inda ake kwasar zubi bi da bi har zagaye ya ƙare. Ita asusunta na dindindin ne, tana da rajista da kundin dokoki. Ƙungiyoyin Musulmi da yawa a Najeriya kan kauce wa kuɗin ruwa, su ba da rance ba ƙari, su nemi riba ta hanyar sayo kaya su sayar wa mambobi a biya kaɗan-kaɗan.