Don Allah Ku Daina Riƙe Numfashi a Ƙarƙashin Ruwa

Na gaji da ganin matasa masu jini a jika ana kawo mana su asibiti a kwance, wani na tarin jini, wani ya dafe ƙirji, don kawai sun je koyon nutso da tukunyar iska. In ka bi ba'asi, labarin kusan ɗaya ne. Ruwa ya shiga gilashin fuska ya taɓa hanci, mutum ya firgita, ya tofar da abin shaƙar iska, ya rufe baki gam, ya yo sama a guje. Wannan rufe bakin shi ke kawo mana su.

Muddin akwai tukunya a bayanka, kada ka riƙe numfashi, ko na daƙiƙa ɗaya. Na san da wuya, don duk wanda ya iya ninƙaya tun yana yaro ya saba cika ƙirji ya kulle kafin ya nutse. Shi a sama ya shaƙi tasa iskar, ba laifi. Kai kuwa a ƙasa ka shaƙa, inda ruwa ya matse ta. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama, don haka iskar da ka cika huhu da ita a can sai ta ninka girmanta kafin kanka ya ɓullo. Balan-balan da ta riga ta cika, a ƙara hura mata kamar abin da ke cikinta, me kake jin zai faru?

Kuma kada wani ya ce mini ai ba mu yi zurfi ba. Wannan maganar ta fi komai ba ni haushi. Kusa da sama nan ne iska ta fi saurin kumbura, tasowar da ba ta kai mita 2 ba ta isa ta yaga huhun da ke cike, ko a tafkin koyo ne. In iskar ta ɓalle ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci da fitowa sai mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko ɓarin jikinsa ya saki.

Sai masu hoto. Haba jama'a! Ka cire abin shaƙa, ka kulle numfashi don kada kumfa ta ɓata maka murmushi, alhali kana ɗagowa sama ba ka sani ba. Hoton na wa za a nuna?

Malamai masu koyarwa, Allah ya saka da alheri, da yawanku na ƙoƙari. Amma faɗa sau ɗaya a bakin ruwa ba koyarwa ba ce. A inda ɗalibi zai iya miƙewa tsaye, sa shi ya cire abin shaƙa yana fitar da 'yan ƙananan kumfa yana cewa "aaa", ya mayar, ya sake, har ya gundura. Haka ma fitar da ruwa daga gilashin fuska. Wanda bai iya wannan cikin natsuwa ba, ba shi ba teku, ko da ya biya kuɗi, ko da gobe zai koma gida. Mai tsoro kuma kada a yi masa dariya, a tsaya kusa da shi inda hannu zai kai.

Sauran a taƙaice:

- Ka taso a hankali, kada ka wuce mita 9 a minti ɗaya, ka tsaya minti 3 a mita 5.
- Sabon mai takardar shaidar koyon nutso kada ya wuce zurfin mita 18.
- Da mura ko toshewar hanci, haƙura. Mai asma ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.
- Ba a nutso babu abokin tafiya.
- Ba hawa jirgin sama sai bayan awa 12, in an yi nutso fiye da ɗaya awa 18.

In wani ya fito yana ciwon ƙirji, ko jiri, ko magana ta karkace, a kwantar da shi, a sa masa oksijin, a garzaya asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi. Kada a mayar da shi ruwa wai don a gyara. A gaya wa likita nutso ya yi, da zurfin da ya kai, da lokacin da ya fito. Asibiti mafi kusa da ke da ɗakin matsin iska kuwa, wato ɗakin da ake sa mai irin wannan ciwon a ƙara masa matsin iska don magani, tun kafin a shiga ruwa ake tambayar inda yake.