Girka: Yadda Ake Gane Kiran Warkarwa a Al'adar Bori

Girka ita ce hidimar da ake yi wa mutumin da aka yi imanin cewa iskoki sun zaɓe shi, domin a daidaita tsakaninsa da su, ya tashi daga majinyaci ya shiga sahun 'yan bori. A gargajiyar Hausa, ta wannan hanya ake tabbatar da cewa wani ya samu kiran taimaka wa marasa lafiya ta hanyar iska. An san ta a ƙasashen Kano, Katsina, Zazzau da Gobir, haka kuma a Maraɗi, Damagaram, Adar da Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar.

Masu magani a ƙasar Hausa iri-iri ne, kowanne da ƙofar da ya shigo ta ita. Wanzami da maɗori yawanci gado suka yi. Ungozoma ta koya a hannun tsofaffi. Malamin da ke ba da rubutu da addu'a ya durƙusa gaban malaminsa har aka ba shi izini. Shi kuwa ɗan bori, a bakin masu al'adar, bai nemi abin ba, cuta ce ta kamo hannunsa ta kawo shi. Malaman Musulunci sun haramta bori, kuma bayanin hujjarsu yana tafe. Abin da za a fara kawowa shi ne yadda masu abin suke fahimtarsa.

Iskoki da dawakansu

'Yan bori suna kiran halittun da suke hulɗa da su iskoki, ko aljanu, ko mutanen ɓoye. Wanda iska ke hawa, in namiji ne doki ake ce masa, in mace ce goɗiya. Ana kasa iskokin gida biyu: farare, waɗanda ake ɗauka Musulmi ne mazauna gari, da baƙaƙe, na daji. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a kan 'yan borin Kano da Ningi ya buga shi a 1983, ya rubuta cewa suna faɗin iskokin na zaune a wani ɓoyayyen birni mai suna Jangare, mai gidaje 12, a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu.

Kowace iska da halinta, da kayanta, da kiɗanta, da kuma cutar da aka san ta da ita. Malam Alhaji dattijo ne mai fararen kaya da carbi, ana jingina masa tari mai naci. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta da caca, ana cewa yana sa mutum ɓarnar dukiya da rashin zama wuri guda. Sarkin Rafi na da alaƙa da hauka, Kuturu da kuturta, Sarkin Makafi da makanta. Inna kuwa, Bafilatana mai shanu da nono, ita ake dangantawa da shanyewar gaɓa, shi ya sa har yau ake kiran cutar foliyo shan inna. Ƙa'idar da dukkan girka ta tsaya a kanta ita ce: iskar da ta sa cuta ita ce ke riƙe da maganinta. Don haka wanda ya warke daga bugun wata iska, shi ake ganin ya fi kowa cancantar duba wanda ta buga daga baya.

Alamomin kira

Babbar alama ita ce ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An sha sassaƙe, an sha rubutu, an je asibiti an dawo, jiki na nan jiya i yau. Daga nan ne tsofaffin gida ke fara raɗe-raɗin cewa wannan ciwo ba na asibiti ba ne. Abubuwan da aka fi kawowa su ne ciwon kai marar yankewa, rama ba dalili, faɗuwa da sandarewa, shanyewar hannu ko ƙafa, ɗaukewar magana, da firgita cikin barci. Ga mata, akwai rashin haihuwa, yawan ɓari, da wabi, wato mutuwar 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, sai kuma aure da ke ta mutuwa ba tare da an ga wani laifi a fili ba.

Mafarki ma ana sa masa ido. Mutum ya riƙa ganin kansa a bakin rafi, ko wata doguwar mace na miƙa masa ƙwaryar nono, ko wani na nuna masa itace a daji yana ce masa saiwar nan maganin kaza ce. Irin wannan mafarki na ƙarshe shi ya fi nauyi, domin shi ke nuna cewa ana son mutum ya yi wa wasu aiki.

Ana kuma bin diddigin inda abin ya faro. Za a tambaya ko majinyacin ya yi gamo: ko ya bi ta gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana, ko ya taka suri, ko ya zubar da ruwan zafi a juji da almuru, ko ya leƙa tsohuwar rijiya a kufai. In ba a sami gamo ba, sai a duba dangi. Da yawa daga cikin 'yan bori suna cewa iskokinsu na gado ne, kaka ko goggo ce ke da su, da ta rasu suka nemi wani a cikin zuri'a. A ƙasar Maraɗi da maƙwabtanta ana kiran iskokin zuri'a kan gida.

Wata alama da ake gani a bainar jama'a ita ce ta kiɗa. Ana wasan bori a dandali, mai garaya ya saki taken wata iska, sai wata 'yar kallo da ba ta taɓa shiga harkar ba ta fara hamma, jiki na ɓari, ido ya kaɗa, ta yanke jiki ta faɗi. Manyan 'yan bori sukan lura da takamaiman taken da ake kaɗawa a daidai lokacin, domin shi ne zai nuna musu mai ita.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, mutum ba ya naɗa kansa. Ko da ya ga duk waɗannan alamomi, sai an kai shi gaban wanda ya riga shi, Sarkin Bori ko wata uwar bori da ta daɗe a harkar. Ita za ta yi turare, ta kira iskokinta, ta faɗi wace iska ce da abin da take so. Ba kullum amsar ke zama girka ba. Wani lokaci a ce iskar ɓata mata aka yi, zakara ko akuya ta ishe ta, a rabu lafiya. Sai in an ce ta zauna a kansa, tana son ya zama dokinta, sannan maganar girka ke tasowa.

Mutane kaɗan ne ke karɓar wannan labari da murna. Girka na cin kuɗi, tana jawo zunɗe a unguwa, ga tsoron saɓa wa addini. Iyalai sukan yi shekaru suna jan ƙafa, suna ba iska haƙuri da ɗan yanka da alkawarin sai kaka ta yi. 'Yan bori na cewa wanda ya ƙi amsawa ciwonsa ƙaruwa yake yi. Wannan magana tana da nauyi a zuciyar marar lafiyar da ya riga ya gaji, kuma ita ce ƙofar da maƙaryatan bokaye ke bi su cuci bayin Allah.

Yadda ake girka

Yawanci kwana 7 ake yi, ko da yake tsari na bambanta daga gari zuwa gari. Ana killace majinyaci a ɗaki a gidan mai girkar, ba ya fita, wata tsohuwar 'yar bori na kula da shi. Safe da yamma ana ba shi jiƙon saiwoyi da sassaƙe ya sha, a yi masa wanka da su, a turara shi. Makaɗa na zuwa da garaya da buta, ko goge, mata kuma da ƙwarya. Suna bin taken iskoki ɗaya bayan ɗaya, maroƙi na zuba kirari, ana jiran a ga wacce za ta amsa.

In iska ta hau, ana tambayarta sunanta da buƙatarta, ana kuma koya wa sabon doki yadda zai ɗauke ta ba tare da ta ji masa ciwo ba. Nan ne horon yake. Hawan farko yakan zo da birgima da ihu, amma kafin mako ya ƙare ana son a ga Malam Alhaji ya zauna a buzu cikin natsuwa yana jan carbi, Kuturu ya naɗe yatsu yana korar ƙuda yana magana ta hanci, Sarkin Rafi ya yi tsalle sama ya dira da mazaunai a ƙasa. Daga irin wannan ne Hausawa suka sami karin maganar ba a bori da sanyin jiki. In iska za ta sauka, doki kan yi atishawa, ya farfaɗo yana cewa bai san abin da ya faru ba.

Ana yin yanka gwargwadon launin da kowace iska ke so, a tanadi tufafinta da kayanta. Ranar ƙarshe a fito da shi fili a yi wasa gaban jama'a.

Ba duk wanda aka girka ke zama mai magani ba. Mafi yawansu lafiyarsu kawai suke nema, in sun samu sai su koma harkokinsu, suna yi wa iskokinsu hidima shekara-shekara. Kaɗan ne ke ci gaba da zama gaban wanda ya girka su, suna bin sa daji, suna koyon itatuwa da yadda ake sauraron marar lafiya, har su kai ga buɗe nasu zauren. Su kan ce iska ce ke faɗa musu magani, amma duk wanda ya lura zai ga ilmin itatuwan a hannun mutum aka karɓe shi, cikin shekaru.

Tarihi da hukuncin addini

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, bori na da gurbi a fadar sarakuna. A Gobir, Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori. Sarautar ta ci gaba a Tsibiri, sabon mazaunin Gobirawa, bayan jihadi, kamar yadda ta Iya ta ci gaba a Maraɗi wurin Katsinawan da suka yi ƙaura. Shugabannin jihadi sun yaƙi bori, amma ba su tsaya ga hani kawai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, Nana Asma'u (1793–1864) kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da matan karkara, inda ake ba jagorar kowace tawaga, wato jaji, malfa irin wadda aka san Innar Gobir da ita. Ta gane cewa matan da ke zuwa bori suna neman mai sauraronsu ne da mai taimakonsu, sai ta samar musu da wannan a cikin addini.

Hujjar malamai a fili take. Yanka domin wanin Allah shirka ne. Aya ta 6 a Suratul Jinni ta ambaci mutanen da ke neman tsari da aljanu, sai suka ƙara musu wahala. A Sahihu Muslim kuma akwai hadisin da ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba. Musulunci ya yarda akwai aljanu kuma suna iya shafar mutum. Saɓanin yana kan mafita: girka sulhu take ƙullawa a zauna tare, ruƙiyya kuwa karatun Alƙur'ani ake yi, Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, domin aljanin ya fita. Alamomin da ɗan bori zai kira kira, mai ruƙiyya shafar aljanu zai kira su.

Kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwar masu ruƙiyya a Kano daga shekarun 1990, da dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa daga shekarar 2000, sun tura bori cikin gida da ƙauyuka. A birane yanzu da wuya a ga wasa a dandali.

Mahangar likitoci

Yawancin alamomin da aka lissafa suna da suna a asibiti. Faɗuwa da sandarewa na iya zama farfaɗiya, wadda ake shawo kanta da ƙwayoyin magani. Tari mai naci da rama na iya zama tarin fuka. Shanyewar ƙafar yaro na iya zama aikin ƙwayar cutar foliyo, kuma rigakafi ne ya sa aka ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da nau'inta na daji a watan Agusta na 2020. Jin muryoyi da gudu daga gida na iya zama taɓin hankali mai buƙatar likita da gaggawa. Haɗarin da ke cikin fassara kowane dogon ciwo da kira shi ne jinkiri, kuma jinkirin ya kan ci rai.

Duk da haka likitocin ƙwaƙwalwa ba sa ɗaukar kowane hawan iska a matsayin cuta. Kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, ya ware halin fita hayyaci da ke zuwa ba da son mutum ba kuma yake lalata masa rayuwa, daga wanda ke faruwa a cikin al'adar da jama'arsa suka yarda da ita. Tun a 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauyuka tare da danginsu ana yi musu magani, kuma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Abin da girka ke bayarwa wanda asibiti kan rasa shi ne lokaci da jama'a: mako guda ana kewaye da marar lafiya, an ba wahalarsa suna, an kuma ba shi matsayi bayan ta.

A wasu ƙasashe

Bayi da fatake da alhazai sun tsallaka Sahara da bori. Wani Bature mai bincike, A. J. N. Tremearne, ya tarar da shi wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga bincikensa a 1914, kuma sitambali, al'adar kiɗa da hawan iska ta Tunisiya, na ɗauke da ɓurɓushin kalmomin Hausa a waƙoƙinta. A Sudan akwai tsarin hawan iska mai suna zar, wanda ake kiran wani reshensa zar bori. Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu suna da nasu tsarin da bai haɗa asali da bori ba, ukutwasa, inda ciwo da mafarkin kakanni ke kai mutum zama gaban gogaggen mai magani na watanni ko shekaru kafin ya zama sangoma, wato mai maganin gargajiya. Ƙasar ta yi dokar rajistar masu maganin gargajiya a 2007.