Farfaɗowa da Juriya Bayan Tsira daga Mummunan Hari

Farfaɗowa bayan hari ita ce hanyar da mutum yake bi tun daga ranar da ya kuɓuta daga hannun wanda ya so halaka shi ko wulaƙanta shi, har zuwa lokacin da jikinsa da hankalinsa da zamansa cikin jama'a suka daidaita. Harin da ake nufi ya haɗa da duka, sara, suka, harbi, tashin bam, fyaɗe, azabtarwa da garkuwa da mutum don neman kuɗin fansa. Juriya kuwa, a wurin masana halayyar ɗan Adam, ita ce iya ci gaba da barci da cin abinci da sana'a da hulɗa da mutane duk da abin da ya faru, ko da akwai sauran raɗaɗi a zuciya. Binciken George Bonanno na Jami'ar Kolumbiya a Amurka ya nuna cewa wannan ita ce hanyar da mafi yawan mutane suke bi bayan masifa. Sai dai rabon mutum da ita ya dogara ƙwarai ga abin da ya tarar bayan ya tsira, wato ko ya sami aminci, da kuma yadda mutanensa suka karɓe shi.

Yadda batun ya shafi yankin

Hausawan Garwa da Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru, da na Injamena a Chadi, waɗanda yawancinsu 'yan kasuwa ne da mahauta da direbobi da masu fataucin shanu, sun daɗe da sanin wannan matsala. Tun shekarun 1990 'yan fashin da ake kira zargina suke tare hanyoyin kasuwannin mako, daga baya kuma suka koma sace makiyaya da 'ya'yansu a lardunan Adamawa da Arewa na Kamaru da kudu maso yammacin Chadi. Rikicin Boko Haram ya ƙara wani nauyin. A shekarar 2015 kaɗai an kai hari Fotokol a Kamaru ranar 4 ga Fabrairu, Injamena ranar 15 ga Yuni da 11 ga Yuli, Marwa ranar 22 da 25 ga Yuli, sannan Baga Sola a Chadi ranar 10 ga Oktoba. Yawancin waɗannan hare-hare sun faɗa ne a kasuwa ko inda jama'a suke taruwa, kuma kowane ɗaya ya bar mutane da dama da rai amma da rauni. A sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, akwai dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya da suka zo da irin wannan tabon. Ban da waɗannan akwai harin da ba ya shiga labarai, kamar dukan da ake yi wa mace a ɗakin aurenta, da sukar da ake yi wa ɗan acaɓa don a ƙwace babur ɗinsa.

Raunin jiki da kwanakin farko

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsayar da jini da kai mutum asibiti. Wanda aka buge a kai, idan ya yi ta amai ko barci ya rinjaye shi ko maganarsa ta rikice, yana bukatar likita ko da babu miki a waje. Karayar da ƙashi ya huda fata ba aikin maɗori ba ne, domin ƙwayoyin cuta suna iya shiga har a kai ga yanke gaɓar. Game da fyaɗe akwai wa'adi biyu da ya kamata kowane gida ya sani: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, a sha har kwana 28, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5. Kunya takan sa iyali su yi ta shawara har wa'adin ya wuce, kuma wannan jinkiri yana cikin asarorin da suka fi ciwo, tunda ana iya kauce masa.

Firgici da alamominsa

Hausawa sun riga likitoci siffanta abin, inda suke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A lokacin haɗari jiki yakan saki sinadaran da suke ƙara bugun zuciya da shirya tsoka don gudu ko faɗa, wani lokacin kuma mutum yakan sandare, ya kasa motsi ya kasa ihu. Wannan sandarewa aikin jiki ce wadda ba ta neman izinin mai ita. Saboda haka tambayar da ake yi wa yarinya, "Me ya sa ba ki yi kururuwa ba?", zalunci ce a kan zalunci.

A makonnin farko kusan kowa yana fama da faɗuwar gaba, mugun mafarki, rashin barci, saurin fushi da zabura idan an buga ƙofa. Ga mafi yawa waɗannan sukan lafa da kansu. Wani bincike da Barbara Rothbaum da abokan aikinta suka wallafa a 1992 kan matan da aka yi wa fyaɗe ya sami alamomin a jikin kashi 94 cikin 100 a makonni biyun farko, amma bayan wata 3 sun ragu zuwa kashi 47. Adadin yana nuna abu biyu: lokaci yana warkar da mutane da yawa, kuma fyaɗe yana barin kusan rabi cikin wahala.

Idan alamomin suka haura wata guda suna hana mutum harkokinsa, likitoci suna kiran yanayin ciwon firgici na bayan masifa, wanda ake taƙaitawa da PTSD, kuma ya shiga jerin cututtukan likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980. Ginshiƙansa uku ne. Abin yakan dawo wa mutum a farke ko a mafarki kamar yanzu yake faruwa, yakan guji duk abin da zai tuna masa, kuma kullum yana jin haɗari na kusa. Direban da aka tare a hanyar Mora zuwa Kusiri yana iya barin tuƙi gaba ɗaya, mai tebur kuma ya daina shiga kasuwa ranar da ta fi cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya suna haɗuwa da wata mummunar masifa a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne daga cikinsu suke kamuwa da wannan ciwo. A wuraren rikici lissafin ya fi muni, domin ƙiyasin da aka fitar a 2019 ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

A yankin nan ba kasafai majinyaci yake cewa yana da damuwa ba. Zai ce kansa yana zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa. Ma'aikacin lafiyar da bai tambayi abin da ya faru ba zai yi ta rubuta maganin zazzaɓi ne kawai.

Haƙuri, kunya da matsayin jama'a

Wani babban nazari da Chris Brewin da abokansa suka yi a shekarar 2000, inda suka tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa rashin goyon bayan mutane yana cikin abubuwan da suka fi jefa wanda ya tsira cikin ciwo mai ɗorewa. A nan al'adar Hausawa tana da jari babba. Ana zuwa jaje, ana kai abinci, ana zaman jinya, 'yan adashi suna ba wa wadda abin ya shafa kwasar farko, sarkin pawa ko shugaban direbobi yana haɗa gudummawa don mutum ya sake jari. Komawa sana'a, ko da rabin wuni ne, tana dawo wa mutum da tsarin yini da mutuncinsa, abin da allura ba ta yi.

Amma wannan tagomashi ba kowa yake samun sa ba. Wanda 'yan fashi suka sara ana cika gidansa da sannu, wadda aka yi wa fyaɗe kuwa ana rufe ƙofa a ce a rufa asiri. Matan da suka dawo daga hannun mayaƙan Boko Haram sun gamu da gori, wasu da 'ya'yan da dangi suka ƙi karɓa. Namijin da aka wulaƙanta yakan haɗiye abin har abada, don an koya masa cewa namiji ba ya kuka. Sau da yawa tsangwamar da ta biyo baya ta fi harin kansa daɗewa tana ciwo.

Kalmar haƙuri tana da fuska biyu a wannan fage. Ga mai imani, yarda da ƙaddara da tawakkali suna sauke masa nauyin tambayar da ba ta da amsa, kuma salla da addu'a da zikiri suna kwantar da numfashi da tunani. To amma idan "yi haƙuri" ta zama hanyar rufe wa mutum baki, ta bar ma'anarta. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yaƙuba ya ambaci haƙuri mai kyau, duk da haka idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma ya kai kukansa ga Allah. Hadisi ingantacce ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Malamin da ya yi tofi ko ruƙiya sannan ya ce a je asibiti ya haɗa wa majinyaci alheri biyu. Wanda ya ce aljanu ne kawai, a ɗaure shi ko a doke shi, ya maimaita masa harin ne.

Hanyoyin taimako da magani

Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta tsara farfaɗowa a matakai uku a 1992: samun aminci, sannan tunawa da makoki, sannan sake haɗuwa da jama'a. Matakin farko shi ne tushe, domin macen da take kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta ba za ta warke da nasiha ba. Jagorar agajin farko na zuciya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta taƙaita aikin mai taimako a kalmomi uku: duba, saurara, haɗa mutum da abin da yake bukata. Ba a tilasta wa kowa ya ba da labari, kuma hukumar ta yi gargaɗi kan zaunar da mutum a kwanakin farko a sa shi ya fayyace komai, da kuma ba shi magungunan kwantar da hankali irin su diyazifam, waɗanda suke iya zama jaraba. Haka nan tiramol da matasa suke sha don su manta yana ƙara rikita barci da haƙuri.

Ga wanda ciwon ya zauna masa, maganin da ya fi inganci shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake fuskantar abin da ya faru sannu a hankali har tsoron ya ragu, a kuma gyara tunanin "laifina ne". Akwai wata hanya da masana na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara, suka gwada ta da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda: ana shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a ɗora duwatsu a wuraren wahala da furanni a wuraren farin ciki, sannan ya ba da labarinsa bi da bi, har harin ya koma dutse ɗaya a kan doguwar igiya. Da yake likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Kamaru da Chadi, kuma mafi yawansu suna manyan birane, shirye-shiryen da ake horar da ma'aikatan jinya da mutanen gari sun fi dacewa da yankin, kamar tsarin zama biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Shari'a da diyya

Takardar shaidar likita ita ce ginshiƙin ƙara a gaban jandarma ko kotu, don haka ana son a nemi ta tun raunin yana sabo. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan fyaɗe, ta kuma soke damar da mai laifi yake da ita a da ta kuɓuta idan ya auri wadda ya zalunta. Sulhun da ake yi a gaban lawan ko bulama, da diyyar da aka saba biya a Chadi, suna iya kashe wutar gaba tsakanin dangi, amma sau da yawa ba a tambayi wanda aka cutar ba. A Marwa, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata da Aïssa Doumara take cikin jagororinta ta daɗe tana raka mata asibiti da kotu, aikin da ya sa Faransa ta ba Aïssa lambar yabo ta Simone Veil a 2019.

Misalin da ya fi shahara a Chadi shi ne na waɗanda aka azabtar a zamanin mulkin tsohon shugaban ƙasa Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990. Souleymane Guengueng, wanda ya fito daga kurkuku da ƙyar, ya tattara shaidar ɗaruruwan fursunoni. Lauyarsu Jacqueline Moudeïna ta ji munanan raunuka lokacin da aka jefa gurneti a zanga-zangar mata a Injamena ranar 11 ga Yuni 2001, ta yi doguwar jinya a Faransa, ta dawo ta ci gaba da shari'ar. Ranar 30 ga Mayu 2016 kotu ta musamman a Dakar, babban birnin Senegal, ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai, bayan matan da aka yi wa fyaɗe sun tsaya a gabansa sun faɗi abin da suka daɗe suna ɓoyewa. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, ta kuma yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, sai dai da yawa daga cikinsu sun rasu kafin ko sisi ya shiga hannunsu.