Nawa ne diyyar tsuntsun da mai ya kashe? Abin da dokar Amurka ta tanada

A daren 24 ga Maris, 1989, jirgin dakon mai Exxon Valdez ya yi karo da dutse a mashigin Prince William da ke jihar Alaska, ya amayar da ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11. An ƙiyasta tsuntsayen teku kusan 250,000 suka mutu. Masuncin da sana'arsa ta tsaya, lissafin asararsa ba wuya, tunda an san abin da ya kama bara, an kuma san kuɗin kifi a kasuwa. To tsuntsun da ba mai sayarwa ba mai saye fa? Wa za a biya, kuma nawa?

Dokar gurɓatar mai ta 1990 ta amsa tambayar farko. Teku da gaɓarsa da halittun cikinsa amana ce ta jama'a, kuma gwamnatin tarayya da jihohi da ƙabilun 'yan asalin ƙasar ne ke tsayawa su nemi haƙƙin. Wanda ya zubar da man zai biya kuɗin mayar da wurin yadda yake, da asarar da jama'a suka yi daga ranar ɓarna har wurin ya farfaɗo, da kuɗin binciken kansa. Abin da aka karɓa kuma ba a karkatar da shi wani wuri, gyaran muhallin zai tafi. Dokar ba ta hau kan kamfanin Exxon, mai jirgin, ba, domin bayan hatsarin aka yi ta, amma shi ne sanadinta.

Tambaya ta biyu ce mai wahala. Tun a 1989, a shari'ar jihar Ohio da ma'aikatar cikin gida, kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta ce darajar muhalli ba ta tsaya a farashin kasuwa ba. Mutumin da bai taɓa taka Alaska ba, ba shi kuma da niyyar zuwa, yana iya damuwa da a bar wurin lafiya saboda jikokinsa. Wannan damuwar ma asara ce in an ɓata wurin, matuƙar an iya auna ta.

Ga yadda aka auna. Jihar Alaska ta ɗauki masana ƙarƙashin Richard Carson, suka bi gidaje 1,043 a faɗin Amurka. Mai tambaya ya zauna da mai gida, ya shimfiɗa taswira da hotuna, ya bayyana masa wani shiri na jiragen rakiya da za su riƙa yi wa jiragen mai jagora don kada a maimaita. Sai ya ce za a ɗora wa gidanka haraji sau ɗaya, ka yarda ko ba ka yarda ba? Ba a ce wa mutum ya taya ba. Farashi aka yanke masa, kuma kowane gida da nasa: wani dala 10, wani 30, wani 60, wani 120. A dala 10 kusan biyu cikin uku suka ce e. A dala 120 sai ya koma kusan ɗaya cikin uku. Daga yadda masu amincewa ke raguwa in farashi ya hau, masana ƙididdiga ke zana layi su gano adadin da rabin jama'a za su yarda da shi. Ya faɗo wajen dala 31. Da aka ninka da yawan gidajen ƙasar masu jin Turanci, aka samu dala biliyan 2.8. Sulhun da aka yi da kamfanin a 1991 kuwa kusan dala biliyan ɗaya ne.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma suna da hujja. Faɗa da baki daban, zaro kuɗi daga aljihu daban. A wani bincike da Exxon ya ɗauki nauyi, an tambayi rukuni uku nawa za su biya a ceci tsuntsaye 2,000, ko 20,000, ko 200,000. Amsoshin suka fito dala 80, 78 da 88. Ke nan mutanen ba yawan tsuntsayen suke aunawa ba, tausayinsu kawai suke nunawa.

Saboda haka hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Kenneth Arrow da Robert Solow, dukansu masu lambar yabo ta Nobel. A Janairun 1993 suka ce kotu za ta iya fara lissafi da wannan hanya, amma da sharuɗɗa. A yi hira ido da ido. A tambayi abin da mutum zai biya, ba abin da zai karɓa ba, don kada adadi ya kumbura. A yi tambayar kamar ƙuri'a, a tuna wa mutum cewa kuɗin daga cefanen gidansa za su fita, a ba shi damar ƙin amsawa. Sannan a gwada a gani ko amsa na ƙaruwa in ɓarna ta ƙaru.

Ni dai ina tare da kwamitin. Hanyar tana da rauni, amma duk wanda ya ce a jefar da ita gaba ɗaya ya riga ya saka wa tsuntsun farashi, wato sifiri, kuma mai ɓarna kaɗai wannan ke yi wa daɗi.

Ƙa'idojin da NOAA ta fitar a 1996 sun fi karkata ga biyan diyya da aikin gyara, kamar a farfaɗo da fadama a madadin wadda aka lalata, amma ba su rufe ƙofar tambayar jama'a ba. Bayan fashewar dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon a tekun Mekziko a 2010 an sake bin gidaje. Lissafi ya nuna dala 153 kowane gida, jimilla biliyan 17.2. A sulhun 2016, kamfanin BP, mai rijiyar man da ake haƙa a wurin, ya amince da biyan abin da ya kai dala biliyan 8.8 na gyaran muhalli.