Wren's Nest: Tsoffin ramukan fasa dutse da aka sa wa dokar kariya

Ina ne Wren's Nest?

Wani tudu ne a garin Dudley, yamma da Birmingham a Ingila. An shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙar dutsen farar ƙasa a cikinsa, ana kai wa masu narkar da ƙarfe, ana kuma gasa shi don gini da gyaran gona. Aikin ya tsaya a shekarun 1920. A 1956 hukuma ta sa wa wurin dokar kariya, kuma shi ne gandun ƙasa na farko a Birtaniya da aka kare saboda duwatsunsa.

To me ke cikin dutsen da har za a kare shi?

Fiye da shekaru miliyan 420 da suka wuce, nan gindin teku ne mai ɗumi, marar zurfi. Murjani da halittu masu ɓawo suka yi ta mutuwa suna taruwa, laka ta binne su, a hankali suka zama dutse. An gano burbushin halittu iri sama da 700 a wurin. Akwai wani bangon dutse da ya karkace sama, har yau da sawun igiyar ruwa a jikinsa, layi-layi, kamar yashin rafi bayan ruwa ya janye.

Wanda ya fi suna shi ne "ƙwaron Dudley", wata halittar ruwa mai gaɓa-gaɓa da ta daɗe da ƙarewa. Masu fasa dutse sun riƙa tsintar sa suna sayar wa masu tarawa, har ya shiga tambarin garin.

Ashe ba haƙar ce ta ɓata wurin ba?

Ta cinye dutse mai yawa, babu musu. Amma a ganina da ba a haƙa ba, da komai na nan a binne. Leburori ne suka buɗe wa masana ƙofa. Masanin duwatsu Roderick Murchison, a binciken da ya wallafa a 1839 kan duwatsun wancan tsohon zamani, ya dogara sosai da burbushin Dudley.

Baƙo zai iya ɗaukar wani abu?

Abin da ya gangaro ƙasa da kansa, e, ɗan kaɗan. Guduma dai an hana. Manyan kogunan da mahaƙa suka bari, irin su Seven Sisters, an killace su saboda ruftawa, sai dai a leƙa daga nesa.